Gwaggo Mai Daddawa da Gonar Aro

Ban samu jana'izar Gwaggo ba, ban samu sadakar uku ba, ban samu ta bakwai ba. Wasiƙar da wana ya aiko ta yi kwana goma sha tara a hanya kafin ta same ni a Faransa, inda nake karatun dokta a fannin tarihi. Layi huɗu ne kawai. Ya ce na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi bayan zazzaɓin kwana biyar, an kai ta kafin azahar, kowa yana gaishe ni. A tsaye na karanta, a bakin akwatunan wasiƙu na gidan ɗalibai. Mutane suna ta wucewa ta bayana da jakunkunansu. Na duba hagu, na duba dama, babu ko mutum ɗaya da zan tare in ce masa an yi mini rasuwa. Na hau ɗakina na yi alwala, na yi mata addu'a ni kaɗai, na shafa ni kaɗai.

Masu ba ni burus, wato kuɗin tallafin karatu, sun ware mini tikitin jirgi ɗaya don in zo gida bincike. Na roƙi a matso da ranar, suka yarda. Haka na iso ƙauyenmu, kudu da Gazawa, ana gobe sadakar arba'in.

Da safe aka shimfiɗa tabarma uku a ƙofar gida. Ta ukun ba ta cika ba har aka tashi. Na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ya haƙuri?" Ya ce, "Mun gode Allah. Ka sha hanya." Bai ɗago daga carbinsa ba.

Bayan an shafa fatiha, liman ya ce, "Ni dai tun ina ƙarami ban taɓa kama baiwar Allah nan da ƙarya ba. Wata rana ma har ka so ta yi." Wasu suka yi murmushi, wasu suka sunkuyar da kai. Baffa, ɗan wan kakanmu, ya gyara zama ya ce, "Allah shi jiƙanta, shi yafe mata abin da bakinta ya ja mana." Da Allah yake magana, amma ni yake kallo.

Can sai ga wani dattijo daga gidan gabas, yana dogara sanda. Babu wanda ya matsa masa a tabarma. Ya cire takalmansa ya zauna a kansu, ya yi addu'arsa a hankali, ya ce, "Tare suka yi ɗiban ruwa da yayata. Ba a bar kowa ba yanzu cikin sa'o'insu." Aka amsa masa da amin a taƙaice, ya tashi ya tafi.

A cikin gida mata sun fi yawa. Wata maƙwabciya tana kuka tana cewa miyar garin nan ta mutu, ba za a ƙara samun mai hannun Gwaggo ba. Inna, mahaifiyata, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin marigayiyar, can ƙarshen gida kusa da danga. An kife tukwanen dahuwa biyu a bakin ƙofa. An naɗe tabarma. Warin daddawa yana nan a jikin bango kamar yanzu ta fita. Inna ta ce, "Zauna nan ka yi kukanka, ba mai shigowa." Kuma ba wanda ya shigo.

Baƙon da ya zo wurin nan zai yi mamakin yadda tsohuwar da ta raini rabin gida ta tafi da tabarma biyu da rabi. Ni ban yi mamaki ba, domin ni na jawo. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don kada abin da za a riƙa tunawa da ita ya tsaya a kan maganar Baffa.

Gwaggo yayar Baba ce, uba ɗaya, ta girme shi da fiye da shekara ashirin. Da mahaifiyarsa ta rasu yana nono, ita ta goye shi, kuma har ya yi furfura Auta take ce masa. Ta yi aure biyu, na biyun a Sae Sabuwa. Ta haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Da mijin ya rasu ta dawo gida da tukwanenta a amalanke, ta zaɓi ɗakin ƙarshe da kanta, ta ce sana'arta ba ta son maƙwabci. Daddawar batso take yi, wadda ake dafa 'ya'yan yakuwa a rufe su kwanaki har su ruɓe, sannan a daka a mulmula. Duk ranar kasuwar Gazawa tana can bakin layin masu kayan miya, da farantinta da ɗan maficin korar ƙuda.

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka bakinta bai taɓa furta sunana ba. Babana take kira na. Ina ɗan shekara shida tana durƙusawa da wasa ta ce, "Babana, an tashi lahiya?" ni kuma in kumbura in ce lafiya lau, ɗiyata.

Tana da wata tambaya da kowa ya san ta da ita. Duk wanda ya kawo labari, komai daɗinsa, sai ta bari ya gama sannan ta ce, "Gani ka yi, ko ji?" Na tuna wata rana na dawo daga lakol, makarantar boko, ina zuba mata abin da mushe, wato malaminmu, ya koya mana kan yadda Nasara suka shigo ƙasar nan, da shekara da sunan kwamandan. Ta ci gaba da dakanta ta ce, "Mushen naku ya gani?"

Na ce, "A littafi ya gani."

"Mai littahin fa?"

Na yi fushi na fita. Bayan shekaru da yawa, a jami'a a Yamai, wani babban malami ya yi wata huɗu yana koya mana wannan tambayar da Faransanci, har da jarrabawa.

Lokacin da na shiga shekarar rubuta kundin bincike, ƙasa tana cikin juyi. Soja suna barin mulki, ana ta taro, jam'iyyu suna fitowa kamar ciyawar farkon damina, kowa ya samu baki. Mu ɗalibai muna cikin masu ihu, amma ciki ba ya jin ihu. Yau yajin aiki, gobe an rufe aji, burus ɗinmu ya yi watanni bai zo ba. Abokan karatuna da yawa suka watse, wani ya koma sayar da fetur a kwalba, wani ya shiga jam'iyya yana rubuta mata takardu. Ɗakin da muke mu huɗu ya koma ni kaɗai. A watannin nan, duk bayan mako uku, wani direban Maraɗi yakan kawo mini ƙullin tsumma. Daddawa ce, da garin kuka, da ƙuli-ƙuli, wani lokaci da busasshiyar kuɓewa. Babu wasiƙa, domin ba ta rubutu. Direban yakan miƙo mini daga nesa yana toshe hanci ya ce, "Tsohuwarka ta ce a gaya ma Babanta kada ya kwana da yunwa." Da wannan ƙullin na kai ƙarshen shekara.

Ba ta taɓa gane mene ne burus ba. Da na yi mata bayani sai ta ajiye taɓarya ta ce, "Tsaya. Biyan ka ake don ka ji labarin matattu?" Na ce kusan haka ne. Ta yi dariya har da tari. "To ni da nike ba da shi kyauta fa?"

Bincikena a kan mutanen da suka ƙetaro daga kudu ne, daga ɓangaren da tsofaffi suke kira Ingilishi, suka zauna a ƙauyukan bakin iyaka. Na yi rani guda ina yawo a keke da rakoda da buhun kaset, daga ƙauyukan Gazawa har wajen Agye. Kowane dattijo na tambaya, kakansa malami ne ko jarumi, ya iske daji ba kowa sai kuraye, ya sare da hannunsa. Mu ma haka ake faɗa a gidanmu: kakana ya zo da allonsa da gatarinsa, ya sari babbar gonarmu ta bakin fadama. Sai da na gama da kowa sannan na tuna da Gwaggo, kuma don in cike gurbin mata ne kawai, domin malamina ya ce babu muryar mace a aikina.

Akwatin tsegumi ta sa wa rakodar suna. Yini tara na yi a ƙofar ɗakinta, tana aiki tana magana. Ita ba ji ta yi ba, gani ta yi, domin tana da wayo aka ƙetaro da ita. Ta ce mahaifinta ba da allo ya zo ba. Gudu ya yi, bayan ya mari wani dogari da ya zo karɓar haraji ya kama akuyarsu. Suka iso garin nan ba su da ko ƙwarya. Mai gidan gabas na wancan zamani ya sauke su a zaurensa, ya ciyar da su har damina, sannan ya kai shi bakin fadama ya nuna masa wuri ya ce ya noma.

Na ce, "Kyauta ya ba shi?"

Ta ce, "Aro."

Na ce, "Ta yaya kika sani?"

"Da kaina na sani. Duk kaka, dami guda na hatsi ake kai ma gidan gabas, don kada a manta mai wuri. A kaina ake ɗora shi. Shekara goma sha ɗaya ina kai shi, har aka yi mini aure. Da aka yi wata yunwa suka ce a bari sai an samu, daga nan ba a koma ba. Tsohhin suka mutu, magana ta kwanta."

Ta dubi rakodar, ta dube ni. Ta ce, "Wannan na cikin gida ne, Babana."

Na ce, "To, Gwaggo." Ban kashe rakodar ba. Na san na samu abin da babu shi a kundin kowa.

Babi guda na yi a kan gonakin aro, kuma damin Gwaggo ne ƙashin bayansa. Ban sa sunanta ba, na ce wata tsohuwa, na ɗauka na yi dabara. A shekarar nan wani kwamiti na malamai, tare da wasu masu tallafi daga waje, suka sa gasa ta kundin tarihi mafi kyau. Wanda ya ci yana da lambar yabo da burus na shekara uku don yin dokta a Faransa. Mu tara muka shiga. Ranar da aka kira sunana a zauren taro, babu kowa nawa a wurin. Na karɓi takardar na koma ɗaki na jingina ta da bango, na dafa shinkafa da daddawar Gwaggo na ci.

Da abin ya tsaya nan, da babu wanda zai sani, don ba mai karanta Faransanci a garinmu sai mutum biyu. Amma lokacin rediyo ta samu sake, ana son hira da matasa. Aka gayyace ni wani shiri na Hausa. Mai shirin ya yi ta zuga ni, yana ce mini masani. Daɗi ya kwashe ni. Na faɗi sunan ƙauyenmu, na ba da labarin dogari da akuya, na ba da labarin yarinyar da take kai dami gidan gabas. Ranar kasuwa aka sa shirin, da yamma, lokacin da kowane mai tebur rediyonsa a kunne take.

Ana shirin zaɓe a watannin. Baba ne shugaban wata jam'iyya a garinmu, jikokin gidan gabas kuma suna cikin wata. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwon suna tare sun daina gaisawa saboda launin tuta. A wani taron siyasa, wani saurayi ya karɓi lasifika ya ce yaushe ɗan Ingilishi, wanda ko gonar da yake ci aro ce, zai gaya wa 'yan ƙasa wanda za su zaɓa. Bayan mako biyu gidan gabas suka kai ƙara wurin mai gari, suna neman gonarsu. Aka aiko in zo.

Ina ɗakin Gwaggo Baba ya shigo. Bai dube ni ba. Ya tsuguna a gabanta kamar yadda yake yi kowace safiya, ya ce, "Yaya, gobe za a kira ki."

Ta ce, "Na ji."

"Ki ce masu tsufa ne. Ki ce yaro ya tambaye ki, kin ba shi tatsuniya. Ba wanda zai ga laifinki."

"In suka ɗora mini Alƙur'ani fa, Auta?"

"Ba za su ɗora ba in kin ce kin manta."

"Ban manta ba. Har yanzu in hadari ya taso wuyana na tuna mini da damin nan."

Baba ya matso kusa da ita. Ya ce, "Baki goma sha huɗu ke ci cikin gonar nan. Ke kika goye ni. Yau ke za ki tsaya gaban mutane ki ce ubanmu ɗan gudun haraji ne, mu kuma 'yan aro?"

Ta ce, "Tsohon mai gidan gabas ya ba mu zaure ranar da ba mu da inuwa. Na ci tuwonsa, Auta, kai ba ka ci ba. Ba ni zuwa lahira in iske shi in ce ban san shi ba."

Baba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Daga ranar bai ƙara tsugunawa a ƙofar nan ba.

Da ya fita na fara magana. Na ce ban yi nufin haka ba, na ce ilimi ne, ana rubuta irin wannan don na baya su sani. Ta ɗaga mini hannu. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Na ce maka na cikin gida ne ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"Ka ce mini to ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"Na ba ka don ka san ko kai wane ne. Kai kuma ka ɗauka ka kai kasuwa, har da mai shela. Tashi ka ba ni wuri, ɗan lakol."

Ɗan lakol ta ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira ni da wani abu ba Babana ba. Na fita na zauna bayan rumbu har la'asar.

Washegari aka taru ƙofar mai gari. Aka shimfiɗa mata buzu a gefe, ta zauna ta rufe kanta. Da aka tambaye ta, ba ta yi dogon zance ba. Ta ce aro ne, ta faɗi yawan shekarun da ta kai dami, ta faɗi sunan matar da take karɓa a hannunta. Mai gari zai yi magana sai ta ce ba ta gama ba. Ta juya wajen mutanen gidan gabas ta ce, "Ku ma ku ji. Kurmi ne aka ba ubana, ƙaya da kututture. Shi ya tumɓuke su. Takinmu ne a cikin ƙasar nan tun kafin a haifi ubanninku. Kuma kakanku bai taɓa ce mana baƙi ba, ku kuka fara." Dattijon da ya zo mana gaisuwa ranar arba'in yana wurin, na ga ya sunkuyar da kai.

Aka raba gonar. Ɓangaren fadama, inda dawa take yin kai kamar tulu, ya koma gidan gabas. Aka bar mana tudu, mai yashi. Wasu suka ce maganarta ta biyu ce ta sa ba a karɓe duka ba, amma a gidanmu babu wanda ya lissafa mata wannan. Baba ya sauka daga shugabancin jam'iyya. Wana, wanda yake shirin aure da amfanin fadamar, ya ɗaga bikin, ya tafi cin rani kudu.

Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya zage ta. An dai daina zuwa. Matan gida da suke taruwa a ƙofarta suna tsince-tsince da hira suka koma inuwar ɗakin Inna. Ana auna mata hatsinta kamar kullum, Baba bai taɓa rage ko tiya ba, amma ta hannun Inna. Ita kuwa duk ranar da ta sauke sabuwar daddawa sai ta zaɓi manya uku ta aika madafa. Baba yana shan miyar, ya san hannun wa ke ciki, bai ce a daina ba, bai kuma ce an gode ba. Inna ta gaya mini ta taɓa cewa za ta yi masa magana, Gwaggo ta ce, "Bar shi. Ciwon gona ne, ba ya jin magani da wuri." Inna ta ce kowace safiya, lokacin da ya saba zuwa gaisuwa, sai ta share ƙofar ɗakinta ta zauna tana fuskantar hanyar da yake biyowa, har rana ta yi zafi, sannan ta tashi ta kama aiki. Haka ta yi fiye da shekara.

Ban san abin da ke zuciyar Baba ba, kuma ba zan yi masa shaida a kan abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne, da yammacin ranar arba'in, bayan kowa ya watse, ya je ya tsaya a bakin ɗakin nata, hannunsa a kan kifaffiyar tukunya. Ya daɗe a tsaye. Da ya ji motsina sai ya ce wai danga yake dubawa, ta ruɓe, tana son gyara.

Ganina da ita na ƙarshe, saura kwana shida in tashi ne. Takardun tafiya sun fito, amma na riga na yanke shawara. Na rubuta wa kwamitin wasiƙa cewa na fasa, a ba wanda ya zo na biyu, tana cikin aljihuna ban kai gidan waya ba tukuna. Wata uku ke nan ba ta yi mini magana ba sai amsa gaisuwa. Na same ta da hantsi tana wanke 'ya'yan yakuwa a babbar ƙwarya. Na tsuguna na gaya mata na fasa tafiya, zan nemi aikin koyarwa a Gazawa in riƙa taimakon gida.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Fadama ta dawo ke nan in ka zauna?"

Na ce, "A'a."

"Auta zai zo gaishe ni?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

"To gona ta tahi, ƙanena ya tahi, kai kuma ka zauna kana kallona ina kallonka. A kan mi aka yi asarar ke nan?" Ta tsiyaye ruwan a gindin danga. "Tahi ka yi karatunka. Amma in ka je, duk wanda ya buɗe maka cikinsa ya ce ka rufe, ka rufe. Ko da za su ba ka jirgin gaba ɗaya."

Ta share hannunta a zani, ta dubi jakata ta ce, "Akwatin tsegumin yana ciki?" Na ce na bar shi a Yamai. Ba ta yarda ba sai da na zazzage jakar a gabanta. Sannan ta jawo kujerarta kusa da ni, har gwiwarta tana taɓa tawa, ta ce, "Matso, Babana. Akwai wanda ban gaya ma akwatin ba."

Game da mahaifiyarta ne, wadda ta baro Ingilishi tare da su amma ba ta iso garin nan ba. Ta yi magana tun hantsi har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafafunmu. Sau biyu ta tsaya ta sha ruwa. Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Ta ce ko Auta bai sani ba, ko mazajenta biyu ba su sani ba. Ba ya cikin kundin da nake rubutawa yanzu, kuma ba zan sa shi a nan ba. Allah ya jiƙan su duka biyun, ya haɗa uwa da ɗiya a inuwar da ba ta gushewa.

Da ta gama na ce, "Gwaggo, bayan abin da na yi miki, me ya sa ni za ki gaya wa?"

Ta jawo ƙwaryarta ta zuba sabon ruwa, ta mayar da hannu ciki.

Ta ce, "Shekara saba'in ina ɗauke da shi. Kai kaɗai ka taɓa zama ka tambaye ni wani abu."